Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais: Daga gidan alƙalanci a Zariya zuwa shugabancin Kotun Ƙoli

Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Abuja ranar Juma'a 6 ga watan Yunin 2025, ya shafe kusan shekaru 27 yana zaman alƙalanci a Kotun Ƙolin Najeriya, kuma fiye da goma daga cikinsu shi ne Babban Jojin ƙasar.

Ya rasu ne ranar Babbar Sallah, saura kwanaki shida ya cika shekaru 89 da haihuwa.

Galibin 'yan Najeriya dai sun fi sanin sunansa ne ta dalilin rahoton gyaran tsarin zaɓe da kwamitinsa ya miƙa wa marigayi shugaba Umaru Musa 'Yar'adua a shekarar 2008, rahoton da ake tunawa da shi duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

To amma kafin wannan rahoto, kotun da ya shugabanta ta yanke hukunce-hukuncen da suka fayyace wa ke da kuɗin man da ake haƙowa a teku, da yadda ake yi wa jam'iyyun siyasa rajista, da kuma inda ikon shugaban ƙasa ya tsaya a kan jihohi.

Zariya da shari'u biyu

An haifi Muhammadu Lawal Uwais ne a Zariya ranar 12 ga watan Yunin 1936, a gidan ilimi da alƙalanci. Mahaifinsa ya riƙe muƙamin babban alƙali, daga bisani kuma ya zama Wazirin Zazzau.

A wancan zamani, tsarin shari'a iri biyu ne ke aiki a ƙasar Zazzau, kamar yadda yake a sauran masarautun Arewa.

A cikin birni da ƙauyuka, alƙalai na yanke hukunci bisa mazhabar Malikiyya a ƙarƙashin hukumar En'e, kuma kotun Sarki ce ke sama da su. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai kotunan majistare da babbar kotu, masu aiki da dokokin da Turawan mulkin mallaka suka zo da su daga Ingila.

Zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 ya haifar da Sabon Gari, inda 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudancin ƙasar suka zauna. Daga baya Samaru da Shika suka cika da ma'aikatan binciken aikin gona da na kiwo. Wannan cakuɗuwa ta sa tambayar wace doka ce za ta hau kan wane mutum ta zama abin da ake fama da shi yau da kullum.

Ya yi karatun sakandare a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Kwalejin Barewa. An kafa makarantar ce a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan ta koma Zariya a 1949. Manyan shugabannin ƙasar irin su Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammad duk sun bi ta cikinta.

Ya kammala ne a daidai lokacin da ake sake fasalin shari'a a Jihar Arewa baki ɗaya.

A 1958 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta gayyato wani ayarin masana shari'a ƙarƙashin jagorancin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, domin ba da shawara kan yadda za a daidaita tsarin kafin samun mulkin kai. Sakamakon aikin nasu shi ne kundin dokokin laifuka na Final Kot, wanda aka yi wa kwaskwarima daga na Sudan, ya kuma fara aiki a 1960.

Cibiyar koyar da aikin mulki da ke Kongo a Zariya ce aka ɗora wa nauyin koya wa alƙalai da ma'aikatan kotu sabon kundin. A nan ne kuma aka buɗe kwas na share fage ga matasan Arewa da za a tura Ingila su zama lauyoyi, kasancewar a lokacin 'yan asalin jihar masu wannan ilimi ƙalilan ne ainun.

Malam Lawal Uwais na cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Daga Kongo ya wuce London, inda ya zama lauya a zauren lauyoyi na Middle Temple a 1963. Da ya dawo gida ya shiga makarantar horar da lauyoyi ta Legas, aka kuma yi masa rajistar aiki a Najeriya a watan Janairun 1964.

Cibiyar ta Kongo dai ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, wadda babbar harabarta ke Samaru, kuma a Kongon ne tsangayar koyar da aikin lauya ta jami'ar take.

Daga lauyan gwamnati zuwa Kotun Ƙoli

Ya fara aiki ne a matsayin lauyan gwamnati a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa a Kaduna.

Bayan da gwamnatin Janar Gowon ta raba ƙasar zuwa jihohi 12 a 1967, lardunan Zazzau da Katsina suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. A can ya kai matsayin babban sakataren ma'aikatar shari'a a farkon shekarun 1970.

A 1973 ya koma kujerar alƙalanci a babbar kotu. Da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976, yana cikin alƙalanta na farko-farko, inda ya fara zama a 1977.

A watan Agustan 1979 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli, yana da shekaru 43 kacal. Wannan ƙarancin shekaru ne ya ba shi damar daɗewa a kotun fiye da galibin takwarorinsa.

Tun daga 1963, lokacin da Najeriya ta zama jamhuriya ta kuma daina aika ɗaukaka ƙara zuwa London, Kotun Ƙoli ce tuƙewa a harkar shari'a. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa za ta ƙunshi Babban Joji da alƙalan da ba su wuce 21 ba. Alƙalai biyar ne ke zaman sauraren ƙara, amma idan batu ya shafi fassarar tsarin mulki, ko rikici tsakanin tarayya da jihohi, sai bakwai su zauna.

Shari'ar sha biyu da biyu bisa uku

Bai cika wata biyu a kotun ba ya tsinci kansa cikin alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar da ta fi kowace jan hankali a tarihin siyasar ƙasar zuwa wancan lokaci.

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga watan Agustan 1979, Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya fi kowa yawan ƙuri'u. Sai dai doka ta ce dole ne wanda ya yi nasara ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin 19 ne.

Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12. A Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano na jam'iyyar PRP ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu.

Cif Obafemi Awolowo na jam'iyyar UPN ya ce ba a gutsura jiha, don haka biyu bisa uku na 19 shi ne 13, kuma dole a je zagaye na biyu.

Lauyan Alhaji Shehu Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce lissafin shi ne 12 da biyu bisa uku. A bisa wannan fassara, abin da ake bukata a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, watau kashi ɗaya bisa shida, kuma abin da ɗan takarar ya samu a Kano ya zarce haka.

Ranar 26 ga watan Satumba, kwanaki biyar kafin sojoji su miƙa mulki, kotun ta tabbatar da zaɓen. Mai shari'a Uwais na cikin masu rinjaye tare da Babban Joji Atanda Fatai-Williams, yayin da Mai shari'a Kayode Eso ya saɓa musu.

Har yanzu ana koyar da wannan hukunci a tsangayoyin shari'a, kuma ra'ayin masana a rabe yake. Wasu na ganin kotun ta ceci shirin miƙa mulki ne daga rushewa, wasu kuma na ganin ta tanƙwara lissafi domin dacewa da bukatar lokacin.

Zamanin soja

Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, kotuna sun koma aiki a ƙarƙashin dokokin soja, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sashen da ya haramta wa kowace kotu sauraren ƙorafi a kansu.

A wannan tsakani an sha ɗora masa ayyukan bincike. Shi ne ya shugabanci hukumar da ta binciki tarzomar 'yan Maitatsine ta Jimeta a 1984. A 1993 kuma yana cikin alƙalai uku daga ƙasashen Commonwealth da gwamnatin Sri Lanka ta gayyata domin binciken mutuwar wasu manyan hafsoshin sojanta.

A watan Disambar 1995 ya gaji Mai shari'a Muhammad Bello, mutumin Katsina kuma ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin Babban Joji.

Lokaci ne mai wuya ga ɓangaren shari'a. Wata guda kafin nan gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu mutane takwas 'yan ƙabilar Ogoni, bayan hukuncin wata kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa kotunan ƙasa.

Cif Moshood Abiola kuma na tsare bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Mafi yawan alƙalan Kotun Ƙolin sun janye daga shari'arsa, saboda ƙarar ɓata suna da suka shigar a kan kamfanin jaridarsa na Concord. Gwamnatin sojan ta ƙi naɗa sababbin alƙalai, abin da ya sa ba a samu adadin da zai zauna a kan batun ba har ya rasu a tsare a watan Yulin 1998.

Sai a ƙarshen wannan shekara, bayan hawan Janar Abdussalami Abubakar, aka cike guraben.

Masu sukar kotun na wancan zamani na cewa ta yi shiru a lokacin da ya kamata ta ɗaga murya. Masu kare ta kuwa na cewa kotu ba ta da bindiga, kuma tsira da mutuncinta zuwa ranar da soja za su tafi shi ne iyakar abin da za ta iya.

Alƙalanci tsakanin tarayya da jihohi

Mai shari'a Uwais ne ya rantsar da Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga watan Mayun 1999, da kuma karo na biyu a 2003. Shi ne kuma shugaban farko na Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, watau NJC, wadda sabon tsarin mulki ya ba ikon ba da shawarar naɗa manyan alƙalai da ladabtar da su.

Tun kafin rantsuwar, kotun ta warware wata taƙaddama a jihar Adamawa. Alhaji Atiku Abubakar ya ci zaɓen gwamna, amma ya zama mataimakin shugaban ƙasa kafin ya kama aiki. Hukumar zaɓe ta so a sake zaɓe, kotun kuwa ta ce mataimakinsa Boni Haruna ne zai hau kujerar.

Shekarar 2002 ce ta fi kowace yawan manyan hukunce-hukunce.

A watan Maris kotun ta soke sassan dokar zaɓe ta 2001 da suka tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi, tana mai cewa wannan hurumin majalisun jihohi ne.

A watan Afrilu ta yanke hukunci kan rikicin arzikin mai. Tsarin mulki ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu daga ma'adinai ga jihar da aka haƙo su. Tambayar ita ce, shin man da ke ƙarƙashin teku na jihohi takwas da ke gaɓar tekun ne, ko kuwa na tarayya?

Kotun ta ce iyakar jiha ta tsaya ne a inda ruwan teku ke janyewa, saboda haka man cikin teku ba ya cikin lissafin kashi 13. Jihar Akwa Ibom ce hukuncin ya fi shafa. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka nemi maslaha ta siyasa, inda a 2004 aka yi dokar da ta mai da wa jihohin kason man da ke cikin ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba.

A watan Yuni, a ƙarar da jihar Ondo ta shigar, Mai shari'a Uwais da kansa ya rubuta hukuncin da ya tabbatar da cewa Majalisar Dokoki ta Ƙasa na da ikon kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, kuma ikon hukumar ya game dukkan jihohi. Ya dai soke wasu sassa ƙalilan na dokar. Da kotun ta yanke akasin haka, da hukumomin yaƙi da cin hanci na tarayya ba su da hurumin bincikar jami'an jihohi.

A watan Nuwamba kuma, a ƙarar da tsohon gwamnan Kaduna Alhaji Balarabe Musa da Cif Gani Fawehinmi suka jagoranta, kotun ta rushe mafi yawan sharuɗɗan da hukumar zaɓe ta INEC ta gindaya wa ƙungiyoyin da ke neman zama jam'iyya. Ta ce hukumar ba ta da ikon ƙara wani abu a kan abin da tsarin mulki ya shimfiɗa. Yawan jam'iyyu ya tashi zuwa 30 kafin zaɓen 2003.

Sai kuma rikicin Legas. Gwamnan jihar na lokacin, Bola Ahmed Tinubu, ya ƙirƙiro ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, shi kuwa shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar baki ɗaya.

A watan Disambar 2004, Mai shari'a Uwais ya ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Ya kuma ce sababbin ƙananan hukumomin ba su cika ba har sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta shigar da su cikin tsarin mulki. Kowane ɓangare ya yi iƙirarin nasara, kuma ba a saki ragowar kuɗin ba sai bayan hawan shugaba 'Yar'adua a 2007.

Akwai dai batu guda babba da bai kai gaban kotun ba a zamaninsa, watau halascin faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuka da jihar Zamfara ta fara a 1999. Shari'o'in Safiya Husaini da Amina Lawal, waɗanda suka ja hankalin duniya, duk sun ƙare ne a kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci a Sakkwato da Katsina, inda aka sallame su.

Suka da zargi

Hukuncin da ya fi jawo wa kotun tasa suka a Arewa shi ne na ranar 1 ga watan Yulin 2005, wanda ya yi watsi da ƙarar Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP kan zaɓen 2003.

Kotun ta ce mai ƙara bai tabbatar da cewa kurakuran da aka samu sun kai su sauya sakamakon zaɓen ba. A lokacin da aka yanke hukuncin, shugaba Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa na biyu.

A wannan shekara ce kuma wani lauya ya zarge shi da karɓar na goro a bainar kotu, yayin sauraren wata shari'a tsakanin kamfanonin sayar da motoci. Ya musanta zargin, kuma ba a taɓa tabbatar da shi ba.

Ya yi ritaya ranar 12 ga watan Yunin 2006, ranar da ya cika shekaru 70 kamar yadda tsarin mulki ya tanada, inda Mai shari'a Salihu Modibbo Alfa Belgore ya gaje shi. Cikin 'yan Najeriya, Sir Adetokunbo Ademola ne kaɗai, wanda ya riƙe muƙamin daga 1958 zuwa 1972, ya fi shi daɗewa a kujerar.

Rahoton Uwais

A jawabinsa na kama mulki a 2007, shugaba 'Yar'adua ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi na da naƙasu. A watan Agustan shekarar ya kafa kwamiti mai mutane 22 ƙarƙashin Mai shari'a Uwais. Cikin mambobin akwai Farfesa Attahiru Jega, da Sheikh Ahmad Lemu, da Rabaran Matthew Hassan Kukah, da Farfesa Bolaji Akinyemi.

Kwamitin ya zagaya sassan ƙasar yana jin ra'ayin jama'a, sannan ya miƙa rahotonsa a watan Disambar 2008.

Babbar shawarar da ya bayar ita ce a cire ikon zaɓen shugaban hukumar INEC daga hannun shugaban ƙasa. Majalisar NJC ce za ta tallata gurbin, ta tace masu nema, ta miƙa sunaye uku ga Majalisar Magabata ta Ƙasa, ita kuma ta zaɓi ɗaya ta aika wa Majalisar Dattawa. Hujjar ita ce, ɗan wasa bai kamata ya zaɓi alƙalin wasan da zai buga ba.

Ya kuma ba da shawarar a rage wa INEC nauyi ta hanyar kafa hukumomi dabam-dabam: ta hukunta masu laifukan zaɓe, da ta yi wa jam'iyyu rajista, da ta shata mazaɓu.

Sauran shawarwarin sun haɗa da ba wa ɗan takara mai zaman kansa damar tsayawa, da kammala dukkan ƙararrakin zaɓe kafin a rantsar da wanda ya ci, da kuma ɗora wa INEC nauyin tabbatar da cewa ta gudanar da zaɓe bisa doka, maimakon mai ƙara. Waɗannan biyun na ƙarshe sun taɓo matsalolin da shi kansa ya gani a shari'ar 2005.

A 2009 majalisar ministoci ta yi watsi da shawarar naɗin shugaban hukumar, tana mai cewa ta saɓa wa ƙa'idar raba iko tsakanin ɓangarorin gwamnati.

An dai karɓi wasu. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa INEC na karɓar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma ƙayyade kwanaki 180 ga kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, da kwanaki 60 ga ɗaukaka ƙara. A shekarar ce kuma shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa Farfesa Jega shugaban hukumar.

Har zuwa rasuwar Mai shari'a Uwais, shugaban ƙasa ne ke zaɓen shugaban INEC, ba a kafa hukumar hukunta masu laifukan zaɓe ba, kuma ɗan takara mai zaman kansa ba ya iya tsayawa.

A zaɓen 2023, an rantsar da shugaba Bola Tinubu ranar 29 ga watan Mayu, Kotun Ƙoli kuwa ba ta yanke hukuncin ƙarshe kan ƙararrakin Alhaji Atiku Abubakar da Peter Obi ba sai ranar 26 ga watan Oktoba, watanni biyar bayan ya kama mulki.